Me ya riƙe masoyan Rolling Stones fiye da shekara sittin?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan ƙungiyar mawaƙan rok ta ƙasar Ingila, wato Rolling Stones, kuma ina fata waɗanda suka daɗe suna sauraronta su ba ni amsa a tsanake. Wannan ƙungiya ta fara wasa a gaban jama'a a Landan a 1962, ta fitar da sabon faifai mai suna Hackney Diamonds a 2023, sannan ta zagaya manyan filayen wasa na Amurka a 2024, a lokacin da Mick Jagger mai rera waƙa da Keith Richards mai kaɗa jita, waɗanda aka haifa a 1943, duk sun cika shekara tamanin. Takwarorinsu Beatles sun watse tun 1970, ƙungiyoyi masu yawa kuma sun zo bayansu sun wuce. Abin da nake son sani shi ne, mene ne ainihin abin da masoyansu suke ƙauna? Kiɗan ne yake riƙe su, ko kuwa ƙuruciyarsu suke tunawa idan sun ji shi?

Mai Tara Faifai:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tunawa da ƙuruciya tana cikin lamarin, ba zan musa ba, amma ita kaɗai ba ta isa ta bayyana shi ba. Da tunawa ce kurum, da duk ƙungiyar da ta yi tashe a shekarun 1960 tana cika filin wasa a yau, alhali mafi yawansu ko sunansu ba a ambata. Kuma da masu sauraron sun tsufa tare da mawaƙan, ba a samu sababbi ba.

A ganina, abu na farko shi ne tushen da suka kafu a kai. Jagger da Richards sun san juna tun makarantar firamare, suka rabu, sai suka sake haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a 1961, Jagger yana riƙe da faifan Chuck Berry da na Muddy Waters. Son kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, musamman buluz na birnin Shikago, shi ya haɗa su da Brian Jones mai jita da Ian Stewart mai fiyano. Kiɗan buluz kuwa tun asali ba na yara ba ne. Manyan masu yin sa sun yi ta kaɗawa har tsufansu, kuma babu wanda ya ce bai dace da su ba, domin abin da waƙoƙin suke magana a kai, wato rashi, da sha'awa, da gajiya, da ƙin miƙa wuya, yana ƙara nauyi ne a bakin wanda ya ga jiya ya ga yau. Ƙungiyar da ta gina kanta a kan kyan fuska da rawar samari dole ta kwanta idan samartaka ta wuce. Wadda ta ɗora kanta a kan buluz tana da inda za ta sa ƙafa ko da furfura ta fito.

Abu na biyu shi ne aikin da suka yi tsakanin 1968 da 1972. Faifai huɗu suka fitar a jere, Beggars Banquet, da Let It Bleed, da Sticky Fingers, da Exile on Main St., kuma a kansu ne darajarsu ta fi tsayawa har yau. Na ƙarshen, an ɗauki wani sashe nasa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida da Richards ya yi haya a kudancin Faransa, bayan sun bar Ingila saboda nauyin haraji. Murya a cikinsa tana nutsewa a tsakanin kayan kiɗa, sautin ba a goge yake ba, kuma da ya fito ba kowa ya yi na'am da shi ba. Amma irin faifan nan ne da ba ya ba ka duk abin da ke cikinsa a sauraron farko. Ni na daɗe ina jin sa, kuma har yanzu nakan tsinkayi wani bugun fiyano ko wata muryar amshi da ban taɓa lura da ita ba. Abin da mutum bai gama ganowa ba, ba ya saurin gundurarsa.

Mai Ja da Magana:
Baba, ina girmama iliminku, kuma ban ja da ku ba a kan darajar waɗancan faifai huɗu. Sai dai tambayar ƙanenmu a kan yau take, ba a kan 1972 ba. Bayanin da kuka yi ya nuna dalilin da ya sa ake son tsofaffin waƙoƙinsu, bai nuna dalilin da ya sa ake tururuwa zuwa kallon dattawa suna maimaita su ba.

Ni abin da nake gani sabo ne, da kuma kasuwanci mai tsari. Daga 2005 da suka fitar da faifan A Bigger Bang, sai da aka shekara goma sha takwas kafin su sake fitar da faifai na sababbin waƙoƙinsu, amma a tsakanin nan ba su daina zagaye ba, kuma mafi yawan abin da suke rerawa a dandamali waƙoƙi ne da suka haura shekara arba'in. Tambarin nan na leɓe da harshe, wanda John Pasche ya zana musu a farkon shekarun 1970, yana jikin rigunan mutanen da ba za su iya kawo sunan waƙa uku ba. Tikitin shiga kuma ya yi tsadar da talakan masoyi ba ya iya kusantar dandamali. Brian Jones ya rasu a 1969, Mick Taylor da ya gaje shi ya fita a 1974, Bill Wyman mai jitar bas, wato jita mai kaurin sauti, ya bar su a 1993, Charlie Watts mai ganga ya rasu a 2021. Wace ƙungiya ce ta rage, in ba suna ba? Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma ina jin tsoron da yawa daga cikin masu zuwa kallon suna zuwa ne don su ce sun gan su kafin a rasa su.

Makaɗin Jita:
Yaya, ina so in amsa maka daga wajen da na fi sani, wato yadda kiɗan yake haɗuwa, domin a nan nake ganin amsar take, kuma ita ce ake yawan tsallakewa.

A yawancin ƙungiyoyin rok, mai ganga ne yake riƙe lokaci, sauran su bi shi. A Rolling Stones abin ya sha bamban: jitar Richards ce take ja gaba, Charlie Watts yana bin ta a baya da ɗan taƙi ƙalilan, shi kuma mai jitar bas yana neman wurinsa a tsakaninsu. Wyman da kansa ya yi bayanin wannan tsari. Sakamakon shi ne kiɗan yana ɗan rangaji, kamar zai kufce amma ba ya kufcewa, kuma wannan rangajin ne yake motsa jikin mai sauraro ko da bai san dalili ba. Watts, wanda tun asali masoyin jaz ne, yana da wata ɗabi'a ta ɗage sandarsa daga farantin ƙarfen da ake bugawa tare da ganga a daidai lokacin da zai bugi ƙaramar ganga, sai bugun ya fito shi kaɗai, a sarari, da nauyi. Na sha ganin ƙwararrun makaɗa sun ɗauki waƙar ƙungiyar sun kaɗa kowane sauti daidai, amma abin ya fito a sandare, saboda sun bi rubutu, ba su bi junansu ba.

Sannan ga yadda Richards yake ɗaure jitarsa. Daga ƙarshen shekarun 1960 ya koma cire tsirkiya ta shida, ya bar biyar, ya ɗaure su ta yadda ko bai danna komai ba za su ba da amo guda mai jituwa. Wannan ya ba shi damar yin kiɗa da yatsa ɗaya ko biyu, ya bar gurabe na shiru a tsakanin bugu. Wanda ya ji farkon Start Me Up ta 1981 ya ji abin da nake nufi: bugu uku, sai shiru, kuma shirun yana aiki daidai da bugun. Tun da Ronnie Wood, shi ma mai jita, ya shigo a 1975, su biyun ba su raba aiki cewa wannan ne mai ja, wancan mai rakiya ba. Suna shiga cikin juna suna fita, Richards ma saƙa yake kiran abin, har mai sauraro ya kasa tantance wa ya yi wane sashe.

Dalilin da ya sa na kawo duk wannan shi ne, irin wannan kiɗa ba a iya adana shi a ajiye, sai an sake yin sa a kowane dare, kuma yana iya lalacewa. Akwai dararen da sukan shiga waƙa a karkace, akwai waɗanda komai yake zama daram. Saboda haka ban yarda cewa maimaici ake zuwa kallo ba. Waƙar tsohuwa ce, gaskiya ne, amma ko za ta tashi a daren nan ko ba za ta tashi ba, babu wanda ya sani sai an fara. A zamanin da wasanni da yawa suke tafiya a kan sautin da kwamfuta ta riga ta tsara, ganin mutane suna sauraron juna a gabanka, suna iya kuskure, abu ne mai daraja, kuma masoya na gaske sun san shi suke saye.

Malama Mai Nazari:
Malam Makaɗin Jita ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ƙara wani ɓangare da ba na kunne ba. Mutane suna bin labarin mutanen nan kamar yadda suke bin kiɗansu, kuma labarin ba na zaman lafiya ba ne. A tsakiyar shekarun 1980 Jagger da Richards sun yi saɓani mai tsanani. Jagger ya fitar da faifansa shi kaɗai a 1985, Richards ya fitar da nasa a 1988, suka yi ta jifan juna da magana a jaridu, ƙungiyar kuma ba ta yi zagaye ba daga 1982 har 1989. Mutane da yawa sun ɗauka an gama. Sai ga shi sun dawo sun zauna sun rubuta waƙoƙin faifan Steel Wheels. Ko a 2010 da Richards ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, ya faɗi maganganun da suka ɓata wa Jagger rai, amma bayan shekara biyu suna tare a dandamali suna bikin cika shekara hamsin.

Halayensu sun yi hannun riga. Jagger mai lissafi ne, mai kula da jikinsa, mai son gwada sabon salo. Richards kuwa yana riƙe da tushe, ba ya son a yi nisa da shi. Kowannensu ya gwada tafiya shi kaɗai, kuma babu wanda ya kai inda suke kaiwa tare. Duk wanda ya daɗe da aboki, ko abokin sana'a, ko abokin zama, ya san zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma ya san irin haƙurin da ake haɗiya kafin a kai shekara sittin. Masoya suna ganin wannan a jikinsu, shi ya sa idan su biyun suka matso kusa da makirufo ɗaya filin yake ɗaukar sowa fiye da kowane lokaci.

Akwai kuma Ian Stewart, wanda ba a cika ambatonsa ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, amma a 1963 manajansu ya cire shi daga jerin waɗanda ake nunawa, don a ganinsa siffarsa ba ta dace da hoton da ake son sayarwa ba. Bai yi fushi ya tafi ba. Ya ci gaba da kaɗa musu fiyano, yana kula da kayansu da tafiye-tafiyensu, har ya rasu a 1985. Abin da aka yi masa bai yi kyau ba, amma tsayawarsa tana nuna cewa akwai wani abu a cikin kiɗan da ya fi suna da hoto.

Sai dai ina so a sani cewa ƙauna ba makanta ba ce. A matsayina na mace, akwai waƙoƙinsu na shekarun 1960 da 1970 da kalamansu a kan mata suke ƙona mini rai, kuma ba na sauraronsu. Su da kansu sun ajiye waƙar Brown Sugar daga wasanninsu a 2021, bayan an daɗe ana sukar yadda ta taɓo bauta da mata baƙaƙe. Na ga dacewar hakan, ko da yake ya zo a makare.

Mai Ja da Magana:
Malama, na ji daɗi da kika kawo wannan, domin ana yawan wanke tarihinsu fiye da kima. A Disamban 1969, a wasan kyauta na Altamont a Kalifoniya, an kashe wani saurayi baƙar fata mai suna Meredith Hunter a kusa da dandamali suna cikin wasa, bayan an damƙa tsaro a hannun gungun 'yan babur. Miyagun ƙwayoyi sun lalata mutane da dama a kewayensu. Sannan, Baba, ina da tambaya a kan buluz ɗin da kuka yaba. Mutanen da suka ƙirƙiri wannan kiɗa, da yawansu sun mutu ba su tara komai ba, yaran Ingila kuma suka ɗauke shi suka zama attajirai. Shin masoyi ba ya jin nauyin wannan?

Mai Tara Faifai:
Yana ji, ɗana, kuma ya kamata ya ji. Rashin adalcin da aka yi wa mawaƙa baƙaƙe a kasuwar faifai ta Amurka gaskiya ne, kuma farar fatar waɗannan yara ta buɗe musu ƙofofin da aka rufe wa malamansu. Babu mai gaskiyar da zai ce ba haka ba ne. Abin da zan ce kawai shi ne a duba yadda suka riƙi bashin. Sunan ƙungiyar ma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi, ba su kuma taɓa ɓoye hakan ba. Da suka je Amurka a 1964, sai da suka nemi ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Chess a Shikago, inda gwanayensu suka yi aiki, suka ɗauki waƙoƙi a can. A 1965, da aka gayyace su wani shirin talabijin na matasa, sun nemi a kawo mawaƙin buluz Howlin' Wolf, suka zauna a ƙasa suna kallonsa yana waƙa, a lokacin da yawancin matasa farare na Amurka ba su san da shi ba. A 1981 sun je wani ƙaramin gidan rawa a Shikago suka hau dandamali tare da Muddy Waters. A 2016 suka fitar da faifai sukutum na tsofaffin waƙoƙin buluz, kuma faifan 2023 da waƙar nan ta Muddy Waters suka rufe shi, Jagger da Richards su biyu kawai.

Wannan bai biya bashin duka ba, domin ba bashin da ƙungiya ɗaya za ta iya biya ba ne. Amma ni ta hanyarsu na san Muddy Waters da Howlin' Wolf da Robert Johnson, kuma irina suna da yawa a duniya. Batun Altamont kuwa, babu abin karewa a ciki. An yi sakaci, rai ya salwanta.

Mai Neman Sani:
Na gode, na ƙaru ƙwarai. Amma Yaya Makaɗin Jita, idan sirrin yana tsakanin jitar Richards da gangar Watts kamar yadda ka ce, to yanzu da Watts ba ya raye fa? Ashe maganar Yaya Mai Ja ba ta tabbata ba ke nan?

Makaɗin Jita:
Tambayarka tana kan hanya, ƙanena, kuma ba zan ce babu abin da ya canja ba. Watts ya shiga ƙungiyar a farkon 1963, ya zauna a kan gangar nan shekara hamsin da takwas, ya rasu a watan Agustan 2021 yana da shekara tamanin. Steve Jordan da ya gaje shi bugunsa ya fi ƙarfi, ya fi tura kiɗan gaba, rangajin nan kuma ya ragu. Mai kunne zai ji bambancin nan take. Amma Jordan ba baƙo ba ne. Ya yi aiki da Richards tun shekarun 1980, ya san inda jitarsa take jingina, kuma Watts da kansa ya amince ya riƙe masa wurin lokacin da rashin lafiya ta hana shi fita zagaye, makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Haka Darryl Jones yake riƙe da jitar bas tun bayan tafiyar Wyman, fiye da shekara talatin ke nan. Tsarin sauraron juna yana nan, hannuwan ne suka sauya. Wanda yake son ya auna da kunnensa, faifan Hackney Diamonds yana ɗauke da waƙoƙi biyu da Watts ya buga kafin rasuwarsa, mafi yawan sauran kuma Jordan ne, sai ya jera su ya saurara.

Uwar Samari:
Ni ba masaniyar kiɗa ba ce, amma ina so in amsa maganar cewa tsofaffi ne kawai suke tuna ƙuruciya. A 2006 sun yi wasan kyauta a bakin tekun Copacabana a Rio de Janeiro, inda aka ƙiyasta mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. A watan Maris na 2016 sun yi wani a Havana, babban birnin Kyuba, ƙasar da a da hukuma ba ta maraba da kiɗan rok, jama'a kuma suka yi dafifi. Yawancin mutanen Havana ba su da wata ƙuruciya ta zuwa wasan Rolling Stones da za su tuna, kuma ba tikiti suka saya ba balle a ce alfahari ya kai su. A gidana ma, daga mahaifina na ji su, 'ya'yana kuma a intanet suka tsince su ba tare da na ce musu komai ba. Abubuwan da ni da mahaifina da 'ya'yana muke so baki ɗaya ba su da yawa, wannan yana ciki.

Mai Ja da Magana:
Hajiya, hujjar Havana tana da ƙarfi, kuma na karɓi bayanin Malam a kan yadda kiɗan yake haɗuwa. Amma ina nan a kan bakana game da tsadar tikiti, domin ƙungiyar da ta taso daga kiɗan talakawa bai kamata kallonta ya koma na masu hali ba, kuma wasan kyauta jefi-jefi bai goge wannan ba. Sannan ina so masoya su faɗi inda iyakar take. An rasa Brian Jones an ci gaba, an rasa Wyman an ci gaba, an rasa Watts an ci gaba. Idan aka wayi gari babu Jagger ko babu Richards, aka ɗauko wani aka sa, za ku ci gaba da kiran abin Rolling Stones?

Malama Mai Nazari:
Ni dai ba zan kira shi haka ba, Malam. Jagger an yi masa aikin zuciya a 2019, aka ɗage zagayen, kowa ya jira har ya warke ya dawo, kuma babu wanda ya kawo shawarar a nemo madadinsa. Waƙoƙin su biyun suka rubuta, muryar ta ɗaya ce, jitar da ake bi ta ɗayan ce. Idan ɗayansu ya ajiye, wasu za su ci gaba da kaɗa waƙoƙin, wataƙila ma su kaɗa su da kyau, amma ni ba zan sayi tikitin ba.